Iri Talatin da Ɗaya a Buhu Ɗaya

Shekara huɗu na yi ina tara irin audugar gargajiya, kala talatin da ɗaya, kowace da jakarta da lambarta. Aikina a tashar binciken noma shi ne in taje silin kowace a kan baƙin allo, in auna tsawonsa, in ja shi in ga inda zai tsinke. Wata gajera ce amma da ƙarfi, wata laushi kawai ta iya. Mai lamba sha bakwai kuwa ta haɗa tsawo da ƙarfi, ita muke shirin yi wa aure da wani iri mai jure fari.

Ta Gwaggona ce. Tun tana amarya take shuka ta a bayan ɗaki, tana kaɗi da ita. Da ciwon ƙafa ya zaunar da ita, na yi ta lallashi har ta juye mini gwangwanin irin gaba ɗaya, na rantse zan dawo mata da ninkinsa kafin damina. Duka na shuka, ko ƙwara ban rage ba. Wannan wautata ce, na yarda.

Ƙa'idarmu ita ce a gurza kowace jaka ita kaɗai, a share inji tas, sannan a zuba ta gaba. Sabon Manajanmu kuwa daga kamfanin gurza aka kawo mana shi, inda ake zuba auduga mota-mota. Ran da na kai 'yata asibiti, bawan Allah ya leƙa ɗakin iri, ya ga jakunkuna jere a kan kanta, ya ce wannan ai ɓarnar mai ce da lokaci. Ya sa aka juye su duka a inji.

Da na dawo har da murmushinsa ya tare ni, wai ya rage mini aikin sati biyu. Ya nuna mini buhu ɗaya a jingine bayan ƙofa. Na buɗe shi na duba. Na ce masa iri talatin da ɗaya ne ya cakuɗa, ya ce angurya ai angurya ce, in daina ɗaga masa murya. Takaici ya hana ni ko zaginsa. Ƙwara ta fi dubu ɗari a buhun nan, ba a tantance iri sai an shuka, filin gwajinmu kuma tushe ɗari biyu yake ci.

Da hadari ya fara haɗuwa Gwaggo ta sa aka kawo ta a mota, da gwangwaninta a cinya. Ban ɓoye mata komai ba. Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi. Ta ce a jawo mata buhun, ta baje ɗankwalinta a kan siminti, ta ɗebi tafi guda.

"Tawa baƙa ce, ba ta da gashi," in ji ta.

"Gwaggo, iri sha biyu ne baƙaƙe marasa gashi."

Ta yi kamar ba ta ji ba. Ta ci gaba da ɗaga su ɗaya-ɗaya zuwa hasken taga, tana murzawa, tana ajiyewa gefe. Har aka tashi aiki ba ta jefa ko ɗaya a gwangwanin ba.