Ɗan Gwajin Ustaz Midhat

Baban Hazim ya yanke magana: in wata ya ƙare babu aiki, a rufe kwamfutar nan, a sauko shagonsa na koshari, dafa-dukan shinkafa da taliya, a kama yankan albasa.

"Injiniya ma ai yana da hawaye," in ji shi.

Shi ya sa Hazim, da bai daɗe da gama jami'a ba, ya liƙe wa wani ɗan kamfanin manhaja a unguwar Ma'adi. Mai kamfanin, Ustaz Midhat, mutum ne mai ƙamshin turare da yalwar murmushi. Bai taɓa ce wa mai neman aiki a'a ba, bai kuma taɓa cewa e ba.

"Ya Bashmuhandis, takardunka sun burge ni," ya ce a ganawar farko, yana kiransa babban injiniya da Larabci. "Sai dai akwai ɗan gwaji. Je ka gida ka rubuto mana shafin da mai saye zai shiga."

Hazim ya rubuto. Aka ba shi shayi, aka ƙara masa wani ɗan gwajin. Na gaba, shafin biyan kuɗi, ya gagare shi, sai da abokinsa Ramiz, shi ma mai yawon neman aiki, ya sadaukar da Juma'arsa suka gama tare.

Ranar da ya kai aikin, ya leƙa kwamfutar Ustaz. Ga manhaja guda tana aiki sumul, shafukan da ya rubuto a ciki, da wasu da bai san su ba.

"Ustaz, wa ya rubuta sauran?"

"'Yan'uwanka masu neman aiki mana. Yara masu albarka, wallahi!"

Ko kunya babu. Sai a lokacin Hazim ya lura duk kamfanin daga Ustaz sai butar shayi.

"Na ɗauke ka," in ji Ustaz. "Ganawa ta ishe ni. Kai za ka riƙa karɓarsu, ka raba gwaji, ka haɗa abin da suka kawo."

"Albashi fa?"

Ustaz ya dafe ƙirji kamar an zagi uwarsa. "Haba ɗana! Mu nan gida ɗaya ne." Sannan ya faɗi abin da da ƙyar zai isa kuɗin mota da wake da burodin safe.

Ran Hazim ya ɓaci ƙwarai. Ya buɗe baki zai zazzaga masa rashin mutunci, sai ya tuna buhunan albasar babansa. Ya ce, "Na gode, Ustaz."

Ran Lahadi ya zauna bayan tebur. Ƙofa ta buɗe, mai neman aiki na farko ya shigo sanye da kwat ɗin aro. Ramiz ne.

"Kai, ɗan banza, kai ne a nan? Alhamdulillahi, ashe na samu!"

Ustaz na tsaye a bakin ƙofa, yana murmushi. Hazim ya tura wa abokinsa kofin shayi ba tare da ya dube shi ba.

"Ya Bashmuhandis, takardunka sun burge ni," ya ce. "Sai dai akwai ɗan gwaji."

Idonsa ya kawo ruwa, ga shi kuwa ko albasa ɗaya babu a ofishin.