Saura Mutum Ɗaya

Ni na ce a rufe tagogin. Rana ta yi ƙarfi, hoton majigi ba ya fita a bango, sai na sa aka ja ƙyamaren katako aka rufe su ruf. Ajin ya yi duhu, zafi ya taru a ciki. Sai da na juyo na ga wanda ke zaune a teburin gaba, sannan na gane ɓarnar da na yi.

Surukina ne, uban maigidana, hedimastan wata firamare a yankin Lafagu. Sunansa ba zai fita daga bakina ba, ko a rubuce. Baba nake ce masa, shi ma a bayan idonsa, don tun da aka kawo ni gidansa ba mu taɓa haɗa ido ba. In na kai abinci nakan durƙusa daga bakin ƙofa, in gaida shi kaina a ƙasa, in tashi. An ce mataimakinsa za a turo wannan taron horar da malamai, ashe shi ya taso da kansa.

Wata ƙungiya mai tallafa wa makarantu ce ta horar da ni a Birnin Kebbi, ta turo ni in koyar da malaman ƙauyukanmu na kusa da iyaka. A nan ba a maganar intanet. Wayarka ma in ta ga dama sai ta kama layin Benin, ta yi maka maraba da Faransanci. Don haka nake yawo da rauta, wani ɗan akwati mai ƙifta koriyar fitila. In na kunna shi, laftof ɗin kowa a ɗakin sai ya haɗu da nawa. Na saki tambaya ta fito a gaban kowa, kowa ya zaɓi amsa, sakamakon ya hau bango. Tun da safe na jona su duka na buɗe shafin. Sai dai waɗanda suka tsara abin sun ɗaure shi: shafi ba ya gaba sai kowa ya amsa.

Ni kuwa na san abin da duk ɗakin bai sani ba. Idon Baba yana tafiya. Na ga ya zuba shayi a gefen kofi, na ga yana laluben takalminsa da ƙafa. A tsakar rana yana iya ganin manyan abubuwa, ya yi ta maza. A duhu irin wanda na jawo masa, rubutun laftof ba komai ba ne a wurinsa sai hazo. Ya ɓoye wa kowa, har ɗansa, wanda kullum yana kasuwar Dole Kaina. Da ma na ƙudura a raina cewa in maigidana ya dawo ranar nan zan gaya masa, a kai tsohon asibiti tun da sauran gani.

A bayan aji kuma ga Hajiya Mashkura, jami'ar da aka turo daga ofishin ilimi, tana fifita da mayafinta. Tun a jawabin buɗe taro ta faɗa ba kwana-kwana cewa shugaban makarantar da ba zai iya aiki da na'ura ba za a ba shi hutu, a ɗora mai iyawa.

Na saki tambayar farko. Yaron da ya shigo aji ba ya jin komai sai Fulatanci, da me za ka fara masa? Amsoshi suka fara shigowa. Malamai suna ta dariya, wasu na leƙen na maƙwabta kamar 'yan aji uku. Can sai komai ya tsaya. A ƙasan bango, da jan rubutu, aka rubuta: saura mutum ɗaya.

Na saci kallon Baba. Yana zaune a miƙe, hularsa daram, hannuwansa biyu a gefen laftof ɗin, bai taɓa shi ba. Don girmamawa aka ba shi tebur shi kaɗai, babu ko maƙwabcin da zai raɗa masa. Abin ya ƙona min rai, don duk ɗakin nan ba wanda ya kai shi sanin amsar. Rabin malaman nan da Fulatanci suka shiga ajinsa suka fito da karatu.

"Wa ya rage?" in ji Hajiya daga baya. "Malama Hamsatu, akwai wurin da ke nuna sunaye. Danna mana mu gani."

"To, Hajiya," na ce.

Ban danna ba. Na yi kamar ina neman wurin. Zufa ta gangaro min ta cikin hijabi. In na danna, sunansa zai hau bango da manyan baƙaƙe a gaban ɗalibansa na da. In na je wurinsa, wace suruka ce ke tsayawa a kan uban mijinta a bainar jama'a? In na ce a buɗe taga, sai an tambaye ni dalili, kuma ko an buɗe ƙananan rubutun nan sun fi ƙarfinsa.

Sai na yi abin da ƙafata ta ga dama. Na taka wayar wuta na ja, fitilar rauta ta mutu, ɗakin ya ɗauki "a'a, a'a".

"Na'urar ta samu matsala," na ce. "Bari mu ci gaba da baki."

Ina ma Malam Bunyaminu bai zo taron nan ba. Malamin lissafi ne daga Bahindi, irin mutanen da ba a gyara komai a gabansu ba su sa hannu ba. Kafin in rufe baki ya riga ya tsugunna a ƙarƙashin tebur.

"Ba wata matsala, Malama, waya ta ta hita! Ga shi na mai da ta."

Har tafi aka yi masa. Fitilar ta dawo tana ƙiftawa, laftof suka sake haɗuwa, jan rubutun ya koma inda yake. Na ji kamar in rufe shi da duka.

"Lokaci na tafiya," in ji Hajiya, ta miƙe. "Ko in zo in danna da kaina?"

Na ji takunta ya taso. Ban san lokacin da na ɗauki laftof ɗina ba.

"Ba sai an duba ba, Hajiya, na san wanda ne. Laftof ɗin teburin gaba ne, tun da safe yake min gardama, wurin shafawarsa ba ya ji."

Na taka zuwa teburin Baba, na durƙusa a gefensa. Ɗakin ya yi tsit, don ba wanda bai san matar ɗansa ce ni ba. Na ji wata malama ta ja numfashi ta ce "ikon Allah". Na ɗaga murya na karanta tambayar da amsoshinta ɗaya bayan ɗaya, wai don kowa ya sake ji. Sannan na sunkuyar da kai, na rage murya.

"Baba, wacce za a danna?"

Ya ɗan karkato kansa wajena. Ina jin numfashinsa.

"Ta biyu," ya ce a hankali. "A hwara mai da harshen uwatai."

Na danna masa amsar daga laftof ɗina. Jan rubutun ya ɓace, shafi ya wuce.

Haka na ƙarasa darasin a durƙushe a wurin, laftof ɗina a kan cinya, ina karanta kowace tambaya da ƙarfi, yana raɗa amsa ina dannawa. Gwiwoyina suka mutu. Ina jin ƙus-ƙus ɗin matan baya, na kuma san kafin in isa gida labari ya riga ni: matar ɗan hedimasta ta shiga Birni ta dawo ba kunya. Hajiya ma da za ta tafi sai da ta ce min mai koyarwa ba ya lafewa wuri ɗaya, kuma in rubuta a canza wancan laftof ɗin. Na ce to.

Aka buɗe tagogi, jama'a suka fita alwalar azahar. Ina naɗe wayoyi, na ɗauka ni kaɗai na rage, sai na ji muryarsa. Bai tashi daga kujerar ba, fuskarsa na kallon bango.

"Tun yaushe kinka sani?"

Na durƙusa daga inda nake. "Tun damina, Baba."

"Shi ya sani?" Ɗansa yake nufi.

"A'a."

Ya gyaɗa kai. Na buɗe baki in ce masa akwai asibitin ido, ana yin aiki mutum ya warke, yau ɗin nan nake shirin gaya wa ɗansa. Sai na fasa. Tambaya ɗaya na taɓa yi masa a rayuwata, ita ma a raɗe, ina ni ina ba shi shawara.

"Allah shi yi miki albarka, ɗiyata," ya ce. "Kin ruhe min asiri yau. To ki ƙarasa. Amana ta na ba ki, kar ki hwaɗa mai, kar ki hwaɗa ma kowa."

Ya dafa tebur ya miƙe. Ina kallo ya nufi ƙofa, ya kauce mata kaɗan, kafaɗarsa ta bugi bango. Ya tsaya, ya gyara hularsa, ya lalubi bakin ƙofar da hannu. Bai fita ba. Amsata yake jira.

"To, Baba," na ce.