Kunnen Aro a Hanyar Bara

Usta Dafa'allah bai taɓa yarda ya kurumce ba. A cewarsa mutanen yanzu ne suka koyi magana ciki-ciki, kamar masu cin asida da zafi. Rabin tashar Umdurman sun san gaskiya, amma wa zai tari tsohon da ya fara keta rairayin Kurdufan tun iyayensu ba su yi aure ba?

Motar da yake ja ta Hajj Mirgani ce, tsohuwar Bedfod mai giya biyu a aksil ɗin baya, ƙarfen da ke juya tayoyi. A jikin sandar giya akwai wani ɗan jan maɓalli. Ka ja shi sama, mota ta miƙe a fili. Ka danna shi ƙasa, ta rage gudu ta ƙara ƙarfi, ta ci rairayi. Sai dai maɓallin roƙo kawai yake yi, ba ya tilasta wa ƙarfe. Dole ka ɗaga ƙafa daga totur ka saurara, har ka ji ƙas daga can baya, haƙoran giyar sun kama, sannan ka taka. In ka yi gaggawa su cinye juna, in ka yi nawa rairayi ya riƙe tayoyi. Da a kwalta ne da ya ji kamun a jikinsa, amma a wannan hanya komai na motar rawa yake yi. Aikin kunne ne, kunnen kuwa shi ne ya tafi.

Shekara da shekaru Khamis ne ya rufa masa asiri, karen motarsa da suka tsufa tare. Da Khamis ya ji giyar ta kama sai ya gyara zaman rawaninsa, Usta ya taka, kuma har Khamis ya koma ga Allah ba su taɓa ɗaga zancen ba. Usta ya ƙi a ba shi wani, don kada a gane. Ba a jima ba ya niƙe haƙoran aksil, aka sha wuya kafin a samo irinsu. Hajj Mirgani ya kira shi gefe, cikin ladabi ya ce in aka sake, to lokacin hutu ya yi. Hutu a ina? Matarsa ta rasu, 'yarsa tana aure a Bur Sudan, ɗakinsa gado ne da buta. Mutanensa duk a hanya suke, masu shayi da masu rijiya.

Ranar nan, da zai tafi garin Bara, wata tsohuwa aka sa masa a gaba saboda ciwon gwiwa, Hajja Bakhita. Tun da suka bar gari bakinta ke motsi, shi kuwa yana gyaɗa kai. A fili suke, maɓalli yana sama, babu damuwa. Amma rana tana take tsaka babban tudun rairayi ya bayyana, irin wanda ake tunkara da gudu, a sauke aksil ƙasa daidai gindinsa. Ya tsaya, ya sauka ya bubbuga tayoyin da ya san lafiyarsu lau, ya dawo ya zauna yana kallon sitiyari.

"Hajja, ki ara mini kunnenki," ya ce. "Nawa ba ya aiki."

Ta dube shi sheƙeƙe, ta matso da bakinta kusa da kunnensa.

"Ashe tun safe da bango nake hira? Na zayyana maka halin surukina kaf, kana ta gyaɗa kai kamar ƙadangare!"

Ya yi dariya, ya ma manta rabon da ya yi ta. Ya bayyana mata abin da za ta saurara, ya ce ƙara ce kamar an saka sakata a ƙofar gida. Ta ce in sakata ce ta san ta, ita da ta shekara tana rufe gida ita kaɗai.

Ya ja da baya ya ɗauko gudu. A gindin tudun ya danna maɓalli, ya ɗaga ƙafa. Duniya shiru, kamar kullum. Sai ya ji duka a kafaɗarsa, duka na gaske, ya taka totur, mota ta kafa tayoyi ta hau tana nishi.

Daga nan sai abin ya zama wasa. Inda babu ko dalili ya ja maɓalli sama, ta ɗaka masa duka, ya mayar ƙasa, ta ƙara masa wani. Kafaɗar ta yi tsami, amma daɗi yake ji. Ta kwance ƙullin dabino suka ci, ta ci gaba da labarin surukin, wannan karon da ihu, har ya tsinci wani abu a ciki ya ba ta gaskiya.

Da la'asar suka shiga Bara. Ya sauko mata da akwatinta da kansa, ya tambaye ta yaushe za ta koma Umdurman, don ya ajiye mata kujera.

"Ba komawa, Usta," ta ce a kunnensa. "Na sayar da ɗakin. Wajen 'yata na zo mutuwa. Kai ma ka nemi inda za ka zauna."

Jikokinta suka janye ta, ya tsaya da hannu a ƙofar mota.

Washegari aka yi masa lodin zoɓo da gyaɗa. Fasinja sun bi sababbin motoci, kujerar gaba babu kowa. Mota tana tsaye ya danna maɓallin ƙasa, domin a tsaye ba a bukatar kunne, ya ɗauke hannunsa daga kai. Haka ya fita gari, haka ya bi filin da ya saba sheƙawa, mota tana rarrafe. Direbobi suna wuce shi suna ɗaga hannu, bakunansu suna motsi, tsiya suke masa ko tambayar lafiya, oho. Ya san Hajj Mirgani zai tambayi dalilin latti, ya kuma san amsar da zai bayar tare da makullin motar. Kaɗaici ya cika masa ciki, amma bai ji haushin tafiyar hawainiyar ba. Ya bi hanyar a hankali yana duban kowace rijiya da kowace bishiya, ba ya so ta ƙare.