Wanda Ya Buga Wayar

Ɗakin shari'ar bai kai falonsu na unguwar Morris Heights girma ba. Teburi ɗaya ne, da tuta a kusurwa, sai mai shari'a, wata dattijuwa mai sanyin murya. Saani ya zauna kusa da tafinta, matarsa Nimatu tana bayansa. Ba ta so zuwa ba, shi ya matsa mata.

Ya daɗe yana wanke-wanke a wani otal a Manhattan kafin a sallame shi. Hukuma ta fara ba shi tallafin marasa aiki, bisa sharaɗin kowane mako ya buga waya ya danna lambar sirrinsa ya tabbatar yana gari, yana neman aiki. Ana cikin haka jikin mahaifiyarsa ya tsananta a Kumasi. Ya tafi ya yi jinya, ya binne ta, bai dawo ba sai bayan sadakar arba'in. Da dawowarsa aka sanar da shi cewa ya ci gaba da karɓar tallafi yana ƙasar waje, kuma wannan zamba ce.

Abokinsa Braimah ya ce ya haƙura ya biya. Saani ya ƙi. Uwarsa ba ta haifi ɓarawo ba, in ji shi, sai ya ɗaukaka ƙara.

"Ranki ya daɗe, ina gaban gawar uwata zan tuna da wata waya?" ya ce, tafinta yana juyawa. "Ko katin kuɗin ban ɗauka ba. Wani ne ya sace lambar sirrina. A nemo shi a hukunta shi."

Mai shari'a ta karanto lambar da aka riƙa bugowa da ita. "Ka san wannan?"

Ya san ta kamar sunansa. Wayar ɗakin girkinsu ce.

"Wa ke gidan a lokacin?"

Ya ji numfashin Nimatu ya tsaya a bayansa. Bai waiwaya ba. Takardar zamanta a ƙasar ba ta fito ba tukuna, kalma ɗaya daga bakinsa za ta iya rusa ta. Ya dubi tafinta.

"Gaya mata na janye ƙarar."

"Ka gane hukuncin zamba zai tabbata a kanka?" in ji mai shari'a.

"Na gane."

Suka fito suka isa tashar jirgin ƙasa. Can ya ce, ba tare da ya dube ta ba, "Me ya hana ki faɗa mini?"

"Baban Zalika, da ka dawo ka tambaye ni wa da wa suka zo gaisuwa." Ta share ido da bakin mayafi. "Ba ka tambaye ni da me muka ci abinci ba. Mai gidan da muke haya ya zo ya liƙa mana takardar tashi a ƙofa, yara suna kallo."

Ya lalubi duk hirarsu ta waya daga Kumasi. Kullum shi ke magana: asibiti, magani, likkafani. Ita kuwa sai ta ce suna lafiya, shi kuma ya ce alhamdu lillahi ya kashe.

Jirgi ya zo cike da mutane. Kujera ɗaya ta rage. Saani ya yi sauri ya tare ta da jikinsa har Nimatu ta zauna, sannan ya kama ƙarfe ya tsaya a kanta.