Muryar da Aka Cire daga Motar Ruben

"To, ina sauran?" in ji juji, alƙalin da ke binciken shari'ar.

Simon ya dubi salular da ke bisa tebur, ya dubi matarsa Febi, sannan ya ce, "Iyakarsa ke nan, ranka shi daɗe. Ai ka gani da idonka. Kamyo ne, babbar motar kaya, ya banke amalanken, ba motar ƙanena Ruben ba."

"Na ga kamyo, na ga amalanke, na ga ƙura. Lambar kamyon fa? An tura hoton bidiyon daga salula zuwa salula har ya dushe. Dubi kwanan watan da ke ƙasa. Shekarun baya ne, don ba wanda ya taɓa gyara agogon kamarar motar. In ɗan mamacin ya ce wani haɗari ne na wata hanya, da mi zan ƙaryata shi?" Ya tura salular gabansu. "Kuma an gutsure shi gaba da baya, an cire mishi murya. Wa ya cire?"

Febi ta sunkuyar da kai. Hannunta na kan ƙullin da ke bakin zanenta.

Jujin bai yi faɗa ba, ya ma sassauta murya. Ya ce abin da shari'a za ta iya dogara da shi shi ne katin memuwar na asali, wanda ya fito daga cikin kamarar, ba a taɓa komai cikinsa ba. A kawo, a rufe shi cikin ambulan, a buga hatimi. Ran da za a buɗe, sai gaban magatakarda da lauya da dangin mamaci, a kalla tun daga farko, duk kalmar da aka ji a rubuta ta. Wanda ya riƙe katin kuma ya zo ya faɗi inda ya ajiye shi tun ranar.

"Jandarma sun tarar da kamara ba kati," ya ce. "Wannan ma ya ƙara wa ƙanenka nauyi. Mutumin da bai yi laifi ba, mi zai sa shi ɓoye shaidarsa?"

Da suka fito, rana ta take tsakar Madarumfa. Simon ya buɗe mata lema kamar yadda ya saba tun da cikin ya bayyana.

"Kada ki sa abin ga ranki," ya ce. "Ubangijin da ya tuna da mu zai tuna da Ruben."

 Ina ma ya zage ta, da ya fi mata sauƙi.

Shekarunsu da aure sun yi nisa ba ta ko taɓa ɓari ba. Simon dattijo ne a majami'a, mutum mai sanyin hali, ko sau ɗaya bai taɓa yi mata gori ba, kuma wannan alherin nasa shi ya fi cin ta. Takan gan shi yana ɗaukar 'ya'yan mutane bayan sujada, yana sa su a wuya, yana dariya, sai ta ji kamar ana yanka ta da tsinin kara. An yi addu'a, an yi azumi, an je likita Maraɗi. Da kaka ta kama, wata mai sayar da daddawa ta raɗa mata sunan Uwani, tsohuwar nan ta wani ƙauye bayan Safo, cikin gidajen da har yau suke bin addinin kakanni.

Ba wanda za ta iya roƙo ya kai ta sai Ruben, ƙanen mijinta, abokin wasanta, mai ɗaukar fasinja tsakanin Maraɗi da Ɗan Issa. Da ta faɗa masa sai da ya daɗe yana kallonta.

"Matata, shugabar waƙar zumunta mata guda, gidan tsafi?"

"Za ka kai ni ko in hau kabu-kabu?"

"Shiga. Amma kazar nan in ta yi mini kashi cikin mota, sakinki zan yi."

Jar kaza ce. Kanta, ƙanen Uwani, shi ya yanka ta a gindin tsamiya. Febi ba ta manta hannuwansa ba, manya, duk kanta irin ta mai hauya, amma ya riƙe kazar a hankali kamar jinjiri. Ya ce mata, "Kada ki ji tsoro, ɗiyata, nan ba a cin mutum." Daga nan ya ɗaure jakinsa ga amalanke, ya loda buhunan wake, ya riga su kama hanyar kasuwa. Ita kuwa Uwani ta yi mata wanka da saiwoyi, ta ba ta ƙullin magani da laya.

A hanyar dawowa bakin Febi ya ƙi rufuwa. Rediyon motar na karanta labarun rana, ita kuma tana ba Ruben labarin duk abin da aka yi, tana kuka tana dariya, tana ɗaga layar tana nuna masa. Har ta ce, "In wannan ya yi abin da addu'ar Pasto ta kasa, wallahi kowace kaka sai na kawo kaza." Ba ta san cewa kamarar da Ruben ya saya don tsoron sharrin hanya ido biyu gare ta ba, ɗaya na kallon gudro, kwaltar hanya, ɗaya na kallon cikin mota, kuma tana da kunne.

Sai kamyon ya wuce su kamar iska, ya ci gaba, ya haɗa amalanke da jaki da mutum ya watsar, bai ko rage gudu ba.

Kowane direba a hanyar nan ya san ƙa'idar da ba a rubuta ba: in ka ga haɗari, taka mai. Wanda ya tsaya shi ya buge. Ruben ya sani sarai, amma ya taka birki. Kafin ya fita ya zare katin daga kamarar, ya danƙa mata.

"Sauka, bi ta cikin gona, ki nemi kabu-kabu. Ba ki shiga motar ga ba yau. Kin ji ni?"

Ta bi cikin karan hatsi tana gudu. Shi kuwa ya ɗauki Kanta ya sa a mota, tsohon ya cika kafin su kai likita. Jini a rigarsa, jini a gaban motar inda ya jingina shi. Mutanen da suka sheƙo daga gonaki mota ɗaya suka gani, tasa.

Daga baya ta kai katin wurin Aminu mai gyaran salula a tasha, ta tsaya kansa, ta ce ya yanko mata wurin bugun kawai, ba murya. Ta gaya wa Simon wai Ruben ne ya turo mata kafin a kama shi. Ta ɗauka gaskiya kamar nama ce, a yanki inda ake so a bar sauran.

Sai ga wata ya wuce ba ta ga al'ada ba, wani ya bi shi. Ran da likita ya tabbatar, Simon ya durƙusa a tsakar gida yana kuka kamar yaro. Lahadin da ta biyo ya miƙe gaban jama'a ya ba da shaida, ya ce ba su nemi taimako wurin kowa ba sai wurin Ubangiji, ya ce in namiji ne ko mace sunansa Bangaskiya. Matan zumunta suka yi guɗa, suka kewaye ta da rawa. Tana tsakiyarsu tana murmushi, katin na ƙulle a zanenta.

Kashegarin zuwansu wurin juji ta kai wa Ruben tuwo gidan kaso. Aka fito da shi. Wuyansa ya zama kamar na zabo, ƙuraje sun cinye masa hannu, tari na tsinka masa magana.

"A'a, ga amarya da tulun ciki," ya ce. "Kin tabbata ba nawa ba ne?"

"Allah shi kiyashe ni da miji ɗan kaso."

"Ai ko nan na fi yayana kyau."

Ta so ta yi dariya, sai hawaye ya riga. Ta gaya masa abin da juji ya ce. Murmushin ya bar fuskarsa.

"Kada ki kuskura. Za su aza ki bencin baya, su amshe miki waƙa, su sauke Yaya daga dattawa. Wannan ma mai sauƙi ne. Ɗan nan fa? Tun bai faɗo ba za a raɗa mishi ɗan tsamiya, har ya tsufa ba ya fita daga sunan. Ni shekarun da za su ba ni ba su hi ƙarfina ba."

"Dubi hannunka, Ruben."

"Hannu ne, ya warke." Tari ya sake kama shi, ya juya mata baya har ya lafa. Da ya juyo ya goge bakinsa da sauri, amma ta ga jinin da ya goge. Ya kawo zancen matarsa. "Ki ce wa Yabo ta daina kuka gaban yara. Ki ce mata na yi ƙiba."

Ranar kasuwa ta je sayen kifi bakin tabki. Tana tayawa ta ji an tsaya kusa da ita, warin hayaƙi da saiwoyi ya daki hancinta. Uwani ce, ta ƙara tsufa, ta ɗaura baƙin saƙi. Tsohuwar ba ta dube ta ba, kifin take juyawa kamar mai saye.

"Mu ba mu faɗin wanda ya zo wurinmu," ta ce a hankali. "Ko an aza mini wuƙa. Arziki, ɗan Kanta, ya tambaye ni ko na san motar, na ce ban sani ba. Ga shi can ya rantse sai yaron ya ruɓe cikin kaso." Ta ajiye kifin. "Na gan ki kin shiga motar. Ke kin ga wanda ya kashe mini ƙane. Ni ban gani ba."

Sai a lokacin ta saukar da ido kan cikin Febi, ta daɗe tana kallo.

"Ya zauna," ta ce. Ta juya ta shige cikin mutane.

Febi ta koma gida ba kifi. Ta tarar da Simon a inuwar itacen bedi yana fere ƙafar ɗan gadon jinjiri da yake haɗawa da hannunsa. Yabo, matar Ruben, na zaune bakin murhu da ƙaramarta a goye, tana tankaɗe, idanunta sun kumbura. Tun da aka kama mijinta a gidan take wuni.

Febi ta durƙusa gaban mijinta, ta kwance ƙullin zanenta. Abin bai kai farcen yatsa ba. Ta ɗora shi bisa katakon gadon.

Ta faɗi komai. Jar kaza, tsamiya, laya, maganar da ta yi kan addu'ar Pasto, gudun da ta yi cikin kara. Rariyar Yabo ta tsaya cak. Simon bai katse ta ba, wuƙar fira na hannunsa, yana kallon katin kamar kunama.

"Na tsaya gaban jama'a, Febi," ya ce daga ƙarshe. Muryar ba tasa ba ce. "Na ɗaga hannu na ce ba mu je wurin kowa ba."

"Na sani, Maigida."

"Kina zaune kina jina."

"Ina jinka."

Ya rufe fuska da tafin hannu. Ta so ta taɓa ƙafarsa, ta kasa. Wannan mutumin da ta so tun tana budurwa mai ɗaukar murya a ƙungiyar waƙa, wanda saboda shi ta je gindin tsamiya, ga shi ta karya shi da hannunta.

Yabo ta miƙe, gari na zuba daga zanenta. "Duk watannin ga? Yana nan ga ƙugunki, ina cin tuwonki, kina ce mini in yi haƙuri?"



Simon ya sauke hannu. "A roƙi juji ya kalla shi kaɗai. Ko a rage muryar, a bar hoton. Ai lambar kamyon za ta fito."

"An riga an rage sau ɗaya, ka ga abin da ya haifar. Ranar tana cikin muryar, Maigida. Rediyo na faɗin ta, ni kuma ina surutu bisa kanta. Ba a raba su."

"Ɗan fa?" ya ce. Ya dubi gadon da bai gama ba. "Kin san sunan da za su ba shi."

Ta aza hannu kan cikinta. Ta tuna hannuwan Kanta, ta tuna abin da Ruben ya goge daga bakinsa. Tsoro bai tafi ba, yana nan zaune a ƙirjinta kamar dutsen niƙa. Ta miƙa hannu ta ɗauke katin daga kan katakon, ta tashi tsaye.

"Su kira shi abin da suka ga dama, mu mun san sunan da munka ba shi," ta ce, da ƙarfi yadda Yabo za ta ji. "Gobe da safe zan kai wa juji da hannuna. A kira Arziki, a kira Pasto in yana so. A kunna shi tun daga farko, da muryata duka, ina zaune."