Man da Na Shafa wa Keken Auta

Ni na shafa wa keken 'yata mai da yammacin rana ta biyu, ba da saninta ba.

Shekara arba'in da uku ina gyaran keke. Auta kuwa nas ce a asibiti. Ta ɗauki hutu, ta ce mu yi tafiyar kwana biyar a kan keke, ni da ita, har bakin tafki. Na ce damina ce. Ta ce, "Baba, ko dai tsoron ruwa kake?" Maganar da ta sa na rufe shago ke nan.

Kekenta sabo ne, birkin hannu gare shi. Nawa tsoho ne mai birkin ƙafa, ya girme ta. Tun daga ƙofar gida ta gargaɗe ni.

"Don Allah kar ka taɓa min keke, Baba. An riga an duba shi."

"Wa ya duba?"

"Masu shagon."

A raina na ce, masu sayarwa ba makanikai ba ne.

Kwana biyu ruwa bai ɗauke ba. Rigar ruwan ma ta gaji. A masaukin da muka sauka, mai gidan ta ba mu wuri a ƙarƙashin bene, kusa da tsintsiya da bokiti, muka jingine kekunan. Auta ta hau sama wanka. Na duba nata, sai na ga tsatsa ta fara ja a jikin wili, wato ƙarfen da robar birki ke kamawa. Raina ya ɓaci. A shagona keke ba ya kwana ban goge shi da tsumman mai ba. Garinmu shimfiɗe yake kamar tabarma, kafin hantsi hanya ta cinye man, babu wanda ya taɓa dawo min da ƙorafi. Na ciro tsummana daga jaka. Na goge wili gaba da baya har ya yi ƙyalli. Na ji daɗin aikina.

Da safe muka hau tudu, awa biyu muna haki. A can sama akwai allo mai hoton babbar mota tana sunkuyawa. Ba na karatu sosai, amma wannan na gane shi. Hanyar ta gangara tana lanƙwasa, ruwa na bin kwalta kamar an buɗe famfo. Daga ƙasa ana jin rurin kogi.

"Tsoho, ka biyo ni a hankali," in ji Auta tana dariya. "Kar ka karye in koma aiki ina hutu."

Ta yi gaba.

A kwanar farko na ga ba ta rage gudu ba. Na ce ƙuruciya ce. A ta biyu na ga kafaɗunta sun ɗaga, hannuwanta biyu sun matse birki, keken kuwa sai ƙara wuta yake. Ba ƙara, ba ƙugi. Birki mai kamawa yana kuka a cikin ruwa. Nata shiru.

A nan na tuna tsumman.

"Baba! Ba ya kamawa!"

"Sa ƙafa! Ja ƙafa a ƙasa!"

Iska ta maido min da muryata. Na saki nawa birkin na bi ta. Ruwa na dukan idona. Rigarta ruwan ɗorawa tana ƙanƙancewa a gabana. Ta sauke ƙafa ɗaya, takalmin ya fita, ya wuce ni yana birgima. A ƙasa na hango gada, siririya, mota ɗaya take ɗauka. Kogin ya kusa taɓa ta, ja wur, yana ɗauke da itace. Daga wancan gefen wata motar katako ta riga ta hau gadar da fitila a kunne.

Na binne uwarta ban yi kuka a gaban mutane ba. A kan wannan gangarar na yi ihu kamar akuya. Ban san abin da na ce ba.

Saura kaɗan ta kai gada, ta karya kan keken zuwa dama. Ta fasa shingen wata gona ta ɓace. Motar ta wuce ni tana hon.

Na yar da kekena a bakin hanya. Da rarrafe na shiga gonar. Tana kwance ruf da ciki a cikin taɓo, tayar bayan keken na ta juyawa a sama. Taku biyar gaba da ita ƙasa ta zabtare cikin kogi.

"Auta. Auta!"

Ba ta motsa ba. Na kasa taɓa ta. Ni da nake kama ƙarfe da zafinsa.

Can ta yi tari, ta tofar da laka. Ta juyo ta zauna. Ta lalluba wuyanta da haƙarƙarinta, ɗaya bayan ɗaya, yadda take yi wa marasa lafiya. Haɓarta ta tsage. Ta kama ta da gefen riga.

"Ban karye ba," ta ce. Haƙoranta na haɗuwa. "Na matse, Baba. Wallahi na matse har ƙarshe."

Ta jawo keken ta shafa wili da yatsa. Ta duba yatsan. Ta shinshina. Warin nan ta san shi tun tana goye.

Ba ta tambaye ni ba. Na faɗa da kaina.

"Tsatsa na gani."

Ta daɗe tana kallona, ruwa na wanke jinin yana sauka wuyanta. Bayan gada akwai wani tudun, bayansa wata gangarar. Babu gari sai an wuce su. Ta tashi da ƙafa ɗaya ba takalmi, ta ciro sabulu daga jakarta, ta durƙusa gaban keken don ta wanke man. Sabulun ya suɓuce mata sau biyu.

Na ciro sifana. Na miƙa hannu zan karɓi keken.

"Kawo," na ce. "Sai an cire robar birkin an kankare ta. Minti goma ne."

Ta riƙe kan keken da hannu biyu ta jawo shi jikinta.

"A'a, Baba. Ba zan ba ka ba."