Matsarmamar Zuwaira

Zuwaira ta shuka matsarmama a buhunan siminti guda biyar, a bayan ɗakinta cikin wani gidan haya a Agege. Ba irin ta dajin garinsu ba ce. Wannan manyan 'ya'ya take yi, ruwan ɗorawa, kowane ɗa a lulluɓe cikin ɓawo mai kamar takarda. Mijinta Khamisu, mai sauke kayan gwari a kasuwar Mile 12, shi ya karɓo mata irin a hannun wani direba ɗan Jos. Direban ya ja masa kunne cewa sai ɓawon ya bushe, ɗan ya nuna sosai, sannan a ci, domin ɗanyen yana da dafi.

Wata Talata maƙwabciyarta Sakinatu za ta kasuwar Jankara sarin atamfa, sai ta bar mata 'yarta Umaima, 'yar shekara uku. Da hantsi Zuwaira ta ɓare mata nunannu guda huɗu. Yarinyar ta yamutse fuska don tsamin, sannan ta miƙo hannu tana son ƙari.

"Sun ƙare, sai gobe," in ji Zuwaira.

Can aka ce an kawo ruwa a famfo. Ta ɗauki bokitai ta shiga layi, ta bar Umaima a kan tabarma. Da ta dawo babu kowa a wurin. Ta leƙa ɗaki, ta leƙa ƙofar gida, sannan ta zagaya baya. Umaima na tsugune tsakanin buhunan, korayen ɓawo a yayyage ko'ina gabanta.

Zuwaira ta ruga wurinta. Ta sa yatsa ta kwakulo abin da ya rage a bakin yarinyar, ta tsince ɓawon tana ƙirgawa. Goma sha shida.

"Umaima, duka kika haɗiye?"

Yarinyar ta gyaɗa kai tana dariya. Zuwaira ta zaunar da ita a cinya tana kallon fuskarta, tana faɗa wa kanta ƙila direban ya zuzuta ne kawai. Kafin azahar Umaima ta fara riƙe ciki. Ta yi amai sau biyu, jikinta ya ɗau zafi, kanta ya langaɓe a kafaɗar Zuwaira.

Iya Rashida, tsohuwar mai gidan, ta fito da kwalbar manja. "Ɗura mata wannan, zai kashe dafin," ta ce da Hausarta ta Yarbawa.

"Iya, in ta shaƙe fa? 'Yar mutane ce."

Zuwaira ta goya yarinyar, ta ƙulle ɓawon a gefen mayafi, ta tari Keke Marwa, wato adaidaita-sahu. A mararrabar jirgin ƙasa suka tarar an tsayar da ababen hawa. Ta dinga kiran sunan yarinyar tana jijjiga ta, sai da ƙyar take jin ɗan nishi a bayanta. A nan wayarta ta yi ƙara. Sakinatu ce.

Ta kalli wayar har ta kusa tsinkewa kafin ta ɗauka.

"Anti Zuwaira, ya 'yar taki? Ta ci abinci?"

"Maman Umaima, ki bar kayan ki taho. Muna hanyar asibiti. Ta ci ɗanyar matsarmamata, ni na bar ta na tafi famfo."

Hayaniyar kasuwa kawai Zuwaira ta ji, sannan layin ya yanke. Ta sauka daga keken ta ƙarasa da ƙafa, tana ratsa motocin haya na danfo da masu talla.

A wani ƙaramin asibiti nas ta kwance ƙullin mayafin ta duba. "Koropo," ta ce, sunan matsarmama da Yarbanci, ta kira likita. Aka sa wa Umaima ƙarin ruwa. Likitan ya ce ba zai ce komai ba tukuna, sai sun ga yadda za ta yini. Zuwaira ta zauna a bakin gadon, tafinta a kan ƙirjin yarinyar, tana jin yana hawa yana sauka. Duk takun da ta ji a baranda sai ta ɗago ta dubi ƙofa.

Sai bayan la'asar Sakinatu ta iso, takalmi ɗaya a hannu. Ba ta dubi Zuwaira ba. Ta durƙusa ta shafa goshin 'yarta tana yi mata magana ƙasa-ƙasa da Yarbanci da Hausa. Umaima ta buɗe ido ta ce tana son ruwa. Likitan ya zo ya duba ta, ya ce haɗarin ya wuce, amma za su kwana.

Zuwaira ta miƙe za ta ba su wuri. "Ki yafe mini," ta ce.

Sakinatu ta tashi daga durƙuson. "Ban iya maganar nan yanzu ba, Anti. Zauna ki riƙe mata hannun kada ta fizge allurar. Ko azahar ban yi ba."

Zuwaira ta koma ta zauna, ta riƙe.